Awa Goma a Mako

Ran wata Talata a watan Maris Corliss ta ɗauko wata takarda daga akwatin wasiƙun bakin titi, ta ajiye ta a kan firji. Ba ta buɗe ba sai da ta gama abin da take yi kullum. Ta yi wa Verlene Askew wanka, ta shafa mata mai a baya da dugadugai, ta auna sukarin jininta, ta zaunar da ita a keken guragu kusa da tagar ɗakin gaba. Sannan ta kawo mata tsakin masara da ƙwai, ta jawo kujera ta zauna.

"Mis Verlene, daga ofishin inshorar jiha ne. In karanta miki?"

"Karanta mana. In kuɗi suka aiko mu raba, ke kashi ɗaya ni kashi tara."

Corliss ta soma karantawa tana murmushi, kafin ta kai tsakiyar shafi murmushin ya gudu.

Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Verlene. Ya tafi da hannunta da ƙafarta na hagu, ya karkata mata baki kaɗan, amma hankalinta garau yake. Shekara talatin ta yi tana dafa wa yaran firamaren Loftin abinci, abin da ta fita da shi ɗan fansho ne da wannan gida da mijinta Hollis ya bari. Inshorar lafiya ta marasa ƙarfi ita ke biyan Corliss ta zo kullum ta kula da ita, awa talatin da biyar a mako.

Takardar ta ce gwamnatin tarayya ta sa iyaka ga kuɗin da take ba jihohi don wannan inshora. Duk abin da ya haura iyakar, jiha ta nemo da kanta, jiha kuwa ta ce ba ta da shi. Don haka daga ɗaya ga watan Mayu za a mayar da awannin kula da Verlene goma.

"Goma a rana?" in ji Verlene. "To ai ƙari suka yi."

"A mako, Mis Verlene."

Tsohuwar ta ajiye cokali. Ta dubi hannunta na hagu da ke kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

"To sauran kwanakin fa? Su suka ce wa Ubangiji zan riƙa miƙewa ran Laraba da Alhamis?"

Sun ɗaukaka ƙara, yadda takardar ta ce ana iya yi. Kwana uku Corliss tana riƙe da waya tana jin kiɗa kafin wani ya ɗauka. Amsa ta zo bayan mako biyu, ta ce ba kuskure aka yi ba, doka ce ta canja, kuma ta shafi kowa.

Ran Lahadin da ta biyo baya Royce ya zo da matarsa Denita, da bokitin soyayyar kaza. Shi kaɗai ne ɗan da Verlene ta haifa. Shekara goma sha biyu ya yi yana tura gadajen marasa lafiya a ƙaramin asibitin Loftin, har aka rufe shi a watan Fabrairu saboda kuɗin da ke riƙe da shi sun ƙafe. Tun daga nan yake zaune. Denita ce ke fita, tana yankan kaji a masana'antar da ke bayan gari.

Ya durƙusa gaban keken, ya riƙe hannunta mai lafiya.

"Mama, na yi bincike. Doka ta yarda dangi su kula da nasu, a biya su. Awa goman nan me zai sa mu ba bare? A sa sunan Denita. Mu kuma mu saki gidan haya mu dawo nan. Kin ga dare da rana kina da mutane."

"Denita ai tana aiki."

"Ni ina nan, Mama. Ina zan je? Ke kika goya ni, yanzu lokacina ne."

Denita na tsaye jikin ƙofa tana murza yatsunta da suka kumbura. Ta ce, "Kada ki damu Mama Verlene, ba za ki rasa komai ba."

Verlene ta dubi ɗanta. Furfura ta soma fito masa a gemu, amma ita yaron nan take gani da ke jiran ta a ƙofar kicin ɗin makaranta. Ta sa hannu a takardar.

Ranar ƙarshe ta Afrilu Corliss ta tara Royce da Denita a falo, ta nuna musu yadda ake ɗaga ta ba a ja kafaɗar da ta mutu ba, da yadda ake juya ta.

"Duk bayan awa biyu a juya ta. Ba wasa nake ba, Royce. Mai ciwon suga ce, in fatarta ta fashe ba ta warkewa da wuri."

"Corliss, asibiti fa na yi aiki. Ni za ki koya wa juya marar lafiya?"

"Gado ka tura, ba mutum ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rubuta lambarta a takarda ta liƙa a jikin firji, ta sumbaci Verlene a goshi, ta fita da sauri don kada a ga idonta.

Makon farko an yi abin kirki. Denita ta dafa ganye da burodin masara, Royce ya tura uwarsa baranda da yamma suna hira. A mako na biyu aka ce gadonsu ba ya shiga ƙaramin ɗaki, sai aka mayar da Verlene ɗakin baya inda take ajiye keken ɗinki a da. Na ɗan lokaci ne, in ji Royce, kafin ya gyara. Tagar ɗakin guda ce, ƙarama, tana kallon tankin gas da katangar kwano. Keken guragun ba ya wucewa ta ƙofar sai an naɗe shi, aka naɗe shi aka jingine a soro.

Denita tana fita ƙarfe biyar da rabi na asuba. Kafin ta tafi takan canja wa tsohuwar famfas da sauri, ta ajiye mata gorar ruwa da biskit da ƙwayoyin magani a murfin kwalba. Royce yakan tashi wajen tara, ya leƙo.

"Mama, lafiya lau ko?"

"Royce, na jiƙe. Taimaka ka canja ni."

Sai ya kau da kai ya dubi silin. "Haba Mama. Ni namiji ne. Ta yaya zan ga tsiraicin uwar da ta haife ni? Ki daure, Denita na dawowa."

"Ƙarfe huɗu za ta dawo."

"To ki rage shan ruwan mana."

Daga nan sai ta ji ƙarar motarsa. Wai neman aiki. Wani lokaci ya dawo da tarwaɗa a bokiti yana warin rana da giya.

Ta rage shan ruwan. Ta koyi gane lokaci ta hasken da ke tafiya a jikin katangar kwano, da jiniyar masana'anta da ke busawa tsakar rana. Takan yi ƙoƙarin juya kanta, ta kama ƙarfen gado da hannun dama ta ja, jikin ya ɗago kaɗan ya koma inda yake. Idan Denita ta dawo, ƙafafunta sun kumbura, tana ƙarnin kaji, takan tsaya a ƙofa ta ja dogon numfashi kafin ta shigo.

"Mama Verlene, kin sake ɓata zanin gadon? Awa tara na yi a tsaye fa. Awa tara."

"Yi haƙuri 'yata."

"Ni ba da ke nake ba. Awa goma suke biya, aikin awa ɗari suke so. Su zo su yi mana."

Wanka ya koma sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya. Kowace Juma'a Denita ta kawo takardar awanni, ta ɗora a kan littafi, ta sa mata biro a hannu. Takardar tana cewa an yi wanka, an juya, an motsa gaɓoɓi, an ba da abinci mai zafi. Verlene ta sa hannu.

A watan Yuni ta soma jin zafi a ƙasan bayanta, kamar an ɗora mata garwashi. Denita ta duba ta ce ja ne kawai, ta shafa man jarirai. Bayan kwana goma wurin ya fashe. Verlene ba ta iya ganin sa, amma ta ga fuskar Denita ranar da ta ɗaga rigar, ta ga yadda ta yi sauri ta rufe.

"A kai ni likita ya gani," in ji ta da suka taru a kanta.

"Wane likitan?" in ji Royce. "Asibitinmu sun rufe. Na birni mil sittin ne. Motar da inshora ke aikowa ma sun soke ta. Kin san nawa man fetur yake yanzu?"

"Fanshona fa?"

"Mama, fanshonki shi ke riƙe da wuta da gas da abincin da kike ci. Kin ɗauka wasa muke da shi?"

Ranar nan da suka fita ta miƙa hannu ta jawo wayarta daga ƙarƙashin filo, ta kira Corliss, ba a ɗauka ba. Ta bar saƙo, cewa tana gaishe ta ne kawai. Da yamma Corliss ta kira, Royce ne ya ɗauka. Verlene na jin sa daga kicin yana dariya, yana cewa Mama lafiya lau, barci take yi, kin san tsufa. Washegari wayar ta ɓace. Ya ce 'yan damfara ne ke damun tsofaffi da kira, ya adana mata.

Zafin Yuli ya sauko. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗakin gaba, ita sai ƙaramar fanka mai juya iska mai ɗumi. Ƙudaje suka gano ɗakin. Wani wari ya soma tashi wanda ba na fitsari ba ne, kuma ta san daga jikinta yake.

Ran wata Lahadi 'Yar'uwa Ozella daga cocinsu ta aiko cewa za ta biyo bayan sujada. Tun safe gidan ya ɗauki hayaniya. Aka yi wa Verlene wanka, aka liƙe ciwon da auduga, aka sa mata shuɗiyar rigarta ta coci, aka taje gashinta. Royce ya ɗauke ta cak ya kai falo, ya buɗe keken ya zaunar da ita. Da ciwon ya taɓa kujera sai da ta ciji leɓe. Denita ta fesa turaren ɗaki har yana shaƙe mutum.

'Yar'uwa Ozella ta shigo da faranti a rufe, tana fifita da takardar waƙoƙi.

"Verlene, kin rame fa! Amma dubi yadda suka gyara ki. Ki gode wa Allah, 'yar'uwa. Nawa ne 'ya'yansu suka kai su gidan tsofaffi suka manta? Ga Royce ya bar komai ya dawo gida."

"Aikina ne, 'Yar'uwa Ozella," in ji Royce. "Gwamnati ta yar da su, mu ba za mu yar ba."

"Amin! Faɗa ka ƙara."

Verlene ta buɗe baki. Royce yana tsaye bayan keken, hannunsa a kafaɗarta, bai matsa ba, ya dai ajiye shi a wurin. Ta dubi Ozella, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta hango sunan ɗanta yana yawo daga benci zuwa benci a coci.

"Zafi ne ya hana ni cin abinci," in ji ta.

Bayan mako biyu jami'ar inshora ta kira. A da duk wata uku takan zo gida ta duba da idonta, yanzu an rage ma'aikata, sai waya. Kafin ya miƙa wayar, Royce ya zauna bakin gado, ya sassauta murya.

"Mama, ki saurare ni. Takardun nan da kike sa wa hannu, in suka ce ƙarya ne, zamba ce. Denita za su ɗaure. Ke ma sa hannunki ne a kai. Ke kuma su kwashe ki su kai wani gidan tsofaffi can ƙarshen jiha, fanshonki ya bi ki, mu su bar mu a titi. Haka kike so?"

Ya danna wayar yadda kowa zai ji. Muryar wata mata ce a gajiye, ana jin tana buga na'ura.

"Misis Askew, minti biyu kawai zan ɗauka. Ana kula da ke yadda ya kamata?"

"Ana yi."

"Akwai ciwo ko rauni a jikinki?"

Ta dubi Royce. Idonsa ya ciko da hawaye, kuma hawayen gaskiya ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Babu."

"Madalla. Sai bayan wata shida."

Da aka kashe wayar ya sumbace ta a goshi ya ce, "Gobe zan sayo miki maganin shafawa mai kyau." Bai sayo ba.

A makon farko na Agusta zazzaɓi ya shigo. Tana rawar sanyi a cikin zafin da ke narka kwalta. Biskit ya daina wucewa. Wani lokaci takan ji kamar tana kicin ɗin makaranta, tana jiran a buga ƙararrawa, sai ta farka ta ga silin.

Ran Alhamis da azahar ta ji ana buga ƙofar gaba. Aka buga, aka sake bugawa. Sai takun ƙafa a kan ciyawa ya zagayo bayan gida, inuwa ta rufe ƙaramar tagar.

"Mis Verlene? Ni ce, Corliss. Wucewa nake na ce... Ya Yesu!"

Ta ga Corliss ta ja baya ta toshe hanci, sannan ta dawo ta manna fuska a ragar tagar.

"Tun yaushe kike nan ɗakin? Ina Royce? Wa ya kulle ƙofa?"

"Ya fita neman aiki. Corliss, ki tafi, ba komai."

"Ba komai? Daga nan nake jin warin ciwon. Motar asibiti zan kira."

"Kada ki kira. Za su ɗaure Denita. Don Allah 'yata, ɗana ke nan guda."

"Mis Verlene, shekara uku ban taɓa ƙin maganarki ba. Yau kam ki yafe mini."

Ta kira. Sannan ta ɗauki dutse ta fasa gilashin ƙofar kicin ta shigo. Da ta juya tsohuwar ta ɗaga audugar, sai ta ga yadda ciwon ya ruɓe. Ta jiƙa tsumma tana goga mata a fuska da wuya, tana ɗiga mata ruwa a baki. Daga birni motar ta taso. Minti hamsin da biyar suka yi suna jira.

A asibitin birni aka ce ciwon ya ci har ƙashi, guba ta shiga jini. Sau biyu aka shiga da ita ɗakin tiyata ana yanke ruɓaɓɓen nama. Kwana huɗu ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo ta ji zanin gado mai sanyi a jikinta, ga wata nas tana juya ta a hankali tana ce mata sannu. Sai ta fashe da kuka, nas ɗin ta ɗauka zafi ne.

Ta jiyo muryar Royce a baranda, yana gaya wa wani likita yadda aka yanke wa uwarsa awanni, aka rufe asibitin garinsu, aka soke motar ɗaukar marasa lafiya. Yana kuka yana cewa su suka yi mata haka. Duk abin da ya lissafa ya faru. Ba ta ji ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

A kwana na tara wata mata mai suna Mis Whitlow ta shigo, jami'ar walwala ta asibitin. Ta rufe ƙofa, ta zauna, ta ce ba kowa sai su biyu.

"Misis Askew, irin wannan ciwo ba ya fitowa a mako guda. Ki gaya mini yadda kike kwana kike tashi a gida."

Verlene ta daɗe tana kallon ledar ruwan da ke ɗiga a hannunta. Sannan ta faɗa. Ta faɗi ɗakin baya, da gorar ruwa, da wayar da aka ɗauke, da takardar Juma'a. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta gama ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, a lokaci guda kuma kamar ta yanka ɗanta da hannunta.

"Kada a ɗaure su," in ji ta. "Ni dai a kai ni wani wuri. Ko ina ne."

Mis Whitlow ta rubuta komai. Bayan kwana uku ta dawo, ba ta zauna ba.

"Na kira gidajen kula da tsofaffi goma sha ɗaya. Tun da jiha ta rage abin da take biyan su, yawancinsu sun daina karɓar masu irin inshorarki. Biyu sun sa sunanki a layi. Sun ce wata takwas, wataƙila shekara."

"To in zauna nan."

"Likita ya ce kin fita daga haɗari. Inshora ba za ta biya gadon nan ba bayan Juma'a."

"Maganar da na gaya miki fa?"

"Na miƙa ta ga ofishin kare tsofaffi. Za su zo gida su bincika. Mutum biyu ne ke riƙe da gundumomi huɗu, amma za su zo." Ta gyara takardun hannunta. "Akwai abu ɗaya kuma. Da zarar an shigar da irin wannan ƙara, ana dakatar da biyan mai kula har a gama bincike. Na nemi kamfanin da zai aiko wata a madadinta, ba wanda ke zuwa Loftin yanzu. Nas za ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako ta wanke ciwon."

"Ke nan awa goman ma sun tafi."

"Na ɗan lokaci ne, Misis Askew."

Corliss ta zo ran Alhamis da rigar aikin wani kantin sayar da kaya, inda take tsayawa yanzu kwana shida a mako. Ta taje mata gashi. Ta ce da tana da wuri da ta ɗauke ta, amma su biyar ne a ɗaki biyu, ga matakala. Ta ce duk Lahadi za ta zo, in an buɗe mata ƙofa. Ta tura wata ƙaramar waya cikin jakar magungunan ta ce a ɓoye.

Ran Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya Royce ya zo, da aski sabo da furanni a leda. Ya gode wa nas-nas ɗaya bayan ɗaya. Ya saurari bayanin wanke ciwo yana gyaɗa kai, ya sa hannu inda aka nuna masa. Mis Whitlow ta ja shi gefe ta yi masa magana, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe. Duk wanda zai zo ya zo, ƙofarmu a buɗe take." Shi ya ɗauki uwarsa ya sa a mota, ya gyara mata filo a ƙarƙashi, ya ɗaura mata bel.

Suka kama hanyar Loftin. Gonakin auduga suna wucewa, rana tana dukan gilashi. Sai da suka wuce tsohon asibitin Loftin, da katakon da aka buga a tagoginsa, sannan ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Takarda ta zo wa Denita jiya. Sun tsayar da kuɗin. Sun ce wataƙila ta mayar da na baya."

Verlene ta juya fuska wajen taga.

"Kwana ta yi tana kuka. Ta ce ba za ta ƙara taɓa ki ba, tunda taɓawar tata laifi ce." Ya rage gudu ya shiga titin tsakuwa. "Me kika gaya musu, Mama?"

"Abin da ya faru."

"Abin da ya faru." Ya gyaɗa kai a hankali. "To."

Ya tsaya a gaban gidan, ya kashe mota, sanyin ciki ya ɗauke. An liƙe ƙofar kicin da kwali. Ya miƙa hannu kujerar baya ya jawo jakar magungunan, ya zuge ta yana dubawa. Ya ga wayar. Ya juya ta a hannunsa, ya sa a aljihun rigarsa.

"Bari in buɗe gida," in ji shi. "Ina zuwa."

Ya fita ya rufe ƙofar motar. Ta bi shi da kallo ya hau baranda, ya shiga, ya turo ƙofa. Ba a daɗe ba ta jiyo talabijin.

Ta laluba da hannun dama ta danna abin sauke gilashi, bai motsa ba, makullin yana wurinsa. Gumi ya soma gangaro mata ta bayan wuya yana shiga cikin bandejin. Ta zauna tana kallon ƙofar gidanta, tana jira ya fito.